Amsa ga Hajiya kan kare lambun bayan gida daga sanyin farkon hunturu a Jos

Wa alaikumus salam Hajiya. Kin ce kina da ɗan lambu a bayan gida wajen Bukuru, akwai tumatir da tattasai da attaruhu da kuɓewa, ga kabeji da latas da karas. Kin ga a intanet masu lambu a Ingila da Amurka suna lulluɓe shukarsu idan sanyin ƙarshen shekara ya kunno kai, shi ne kike tambaya ko ke ma sai kin yi haka tunda Nuwamba ta kama.

Abin da suke gudu can shi ne daren da ma'aunin zafi zai sauka zuwa digiri 0, raɓa ta daskare a kan ganye, ruwan cikin ganyen ya zama ƙanƙara ya farfasa shi. Kafin rana ta ɗaga tumatir ya yi baƙi ya langaɓe. A cikin garin Jos da wuya ki ga haka. Muna kan tudu mai kusan mita 1,200 daga teku, shi ya sa muka fi Abuja sanyi nesa ba kusa ba, amma jaurarmu ta Disamba da Janairu takan tsaya ne wajen digiri 10 da asuba, wani daren ta ƙara yin ƙasa kaɗan. Sai dai shukar zafi ba ta jira sai an kai 0 kafin ta jigata. Tumatir idan dare ya yi ƙasa da digiri 13 furensa ba ya ɗaukar 'ya'ya sosai, sai ki ga yana kakkaɓewa. Ƙasa da 10 girma ya tsaya, ƙarƙashin ganyen ya koma shunayya saboda saiwa ta kasa jan sinadarin fosfaras daga ƙasa mai sanyi. Tattasai da attaruhu sun fi shi raki, kuɓewa kuwa ta fi kowa.

Kabeji da karas da latas da albasa ki rabu da su, ko a jikinsu. Wannan ne ma lokacinsu, shi ya sa masu noman rani a bakin kududdufan da haƙar kuza ta bari suke cika kasuwar Farin Gada da su. Ruwa kawai suke so. Duk wahalar da za ki yi, kan tumatir da dangin barkono za ki yi ta.

Ki fara da iska, don ita ce ta fi yin ɓarna a nan. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, busasshiya, tana zuƙe ruwan ganye da sauri fiye da yadda saiwa za ta mayar, musamman da safe ƙasa na sanyi. Shi ne bakin ganye yake nannaɗewa ya bushe kamar an babbaka shi, mutane su ce sanyi ya ƙona. Ki kafa zana ko dangar kara a wannan ɓangaren, tsayin mita 2, turaku a kowane taku 2 a ɗaure da kyau. Irin wannan tsayin yana kare kusan mita 10 a bayansa, wato ya ishi lambun gida. Zana ta fi kwano ko tamfol, domin tana tace iska ta rage mata ƙarfi, shi kuwa shinge marar huji iska takan haura ta kansa ta faɗo tana juyi a kan shukar. Kar ki zagaye lambun duka. Iska mai sanyi nauyi gare ta, gangarawa take kamar ruwa, saboda haka ki bar ɓangaren gangare a buɗe ta samu hanyar fita. In kika toshe, ta taru a gindin katanga, shukar da ke wannan kusurwar ita za ta fara lalacewa.

Sai maganar lulluɓi. Mayafi ba ya kawo ɗumi da kansa, ɗumin da ƙasa ta sha da rana yake tarewa kada ya tsere sama da dare. Wanda ya gane wannan ba zai yi kuskuren da aka fi yi ba, na ɗaure wa kowace shuka leda a wuya kamar alawa. Hakan ya raba ta da ƙasar da ke ɗumama ta. Mayafin ya sauko har ƙasa ta kowane gefe, a danne bakinsa da duwatsu ko bulo. Ki kafa sanduna ko ki lanƙwasa gora a kan kwamin, yadda mayafin zai tsaya kamar taƙi ɗaya sama da ganye. Tsohon zanin gado ya yi, buhun algarara da aka farke ya yi, tsohon labule ma haka. Ƙananan dashe ki kifa musu bokiti ko kwali, ko ki yanke gindin babbar robar ruwa ki kifa, ki cire murfin.

Leda ita ce ƙarshen zaɓi. Duk inda ta taɓa ganye sanyi yana ratsawa kai tsaye, tana tara gumi a ciki wanda ke jawo ciwon ganye, kuma in kika makara da safe rana ta dafa shukar. Gidan sauro kuwa ba ya riƙe ɗumi, ga maganin ƙwari a jikinsa, bai dace da abin da za a ci ba.

Lokaci shi ne rabin aikin. Ki rufe wajen ƙarfe 5 na yamma, tun ƙasa da sauran ɗuminta. Wanda ya bari sai bayan Isha'i ya rufe sanyi ne a ciki. Ki buɗe tsakanin 8 da 9 na safe, shuka ta sha rana, ƙudan zuma su samu fure. Ba kuma kowane dare ba. Daren da za ki ji tsoro shi ne wanda iska ta kwanta da magariba, sama ta washe taurari tar, don a irin wannan daren ne ƙasa ke zubar da zafinta da sauri, kuma saman ganye kan fi abin da waya ke nuna miki sanyi da 'yan digirori. In kina da ƙaramin ma'aunin zafi, ki rataye shi daidai tsayin ganye, ki duba bayan sallar asuba, lokacin da sanyi ke kai maƙura. Kwana 3 ko 4 kina dubawa za ki san halin lambunki fiye da hasashen rediyo.

Ban ruwa kuma ki mayar da shi tsakanin azahar da la'asar a ranar da kike zaton dare zai yi tsanani. Ƙasa mai laima ta fi busasshiya riƙe zafi. Bokiti mai lita 10 a fili mai mita 1 tsawo mita 1 faɗi ya isa, a gindi, kada ganye ya kwana a jiƙe. In kin shimfiɗa ciyawa a kan kwami, tana da amfani wajen tare ruwa, amma tana hana rana ɗumama ƙasa. Ki ɗan janye ta daga gindin tumatir da safe a kwanakin jaura. Jarkar ruwa mai lita 25 da ta wuni a rana, a tura ta ƙarƙashin mayafi tsakanin shuka 3 ko 4, tana sakin ɗumi a hankali har asuba. Ƙona taya ko bola don hayaƙi, wanda wasu ke ba da shawara, ba ya tare komai sai tari ga yara da rigima da maƙwabta.

Takin yuriya ki dakata da shi a tsakiyar sanyi. Yana fito da toho mai laushi cike da ruwa, wanda shi iska ke fara busarwa. Takin gargajiya da ya ruɓe sosai ba laifi.

In kin wayi gari kin ga ɓarna, kar ki yi saurin ɗauko wuƙa. Ki bari kwana 4 zuwa mako ɗaya a ga inda ya mutu da inda zai toho, sannan ki yanke. Ki kuma duba da kyau, don ba komai ne sanyi ba. Ganyen da ke da farin tabo kamar taga da tsutsa a ciki, wannan tsutsar tumatir ce da ta yi ɓarna a Arewa a 2016. Ganyen da ya yi ɗigo-ɗigo rawaya da saƙa kamar ta gizo a bayansa, ƙananan jajayen ƙwari ne masu son ƙura da fari, wanke bayan ganye da ruwa da hantsi yana rage su. Tumatir da ya ƙosa ya fara haske ki tsinke, ki jera a kwali da ayaba ɗaya a cikin ɗaki, zai nuna, ban da firiji. Kuɓewa kuwa ki tsinke abin da ta yi ki haƙura, ki sa latas ko karas a gurbinta, ki sake shuka ta a Maris in zafi ya dawo.