Kafin ki aiko wa Baba na'urar ji daga Amurka

Tambayar wannan makon ta zo ne daga wata 'yar'uwa 'yar Kano da ke aikin kula da tsofaffi a Amurka. Ta ce kunnen mahaifinta ya yi nauyi, idan ta kira shi a WhatsApp sai ƙaninta ya zauna kusa yana maimaita masa abin da ta faɗa. Ta ga na'urar ji a kantin magani ana sayarwa ba tare da takardar likita ba, kuɗinta bai kai rabin ta asibiti ba, ga shi kuma akwai mai tahowa gida ƙarshen wata. Yayanta da ke Ingila ya ce ta dakata, shi zai samo kyauta a can. Wanne za ta bi?

Hajiya, Allah ya saka da alheri, ya sa albarkar iyaye ta bi ki. Amma ki riƙe kuɗinki tukuna. Abin da za ki fara aikowa Kano kuɗin mota ne da na gwaji.

Na'urar da kika gani halal ce a dokar can. Tun 17 ga Oktoban 2022 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta ba da damar sayar da ita kai tsaye, amma ta yi iyaka: don 'yan shekara 18 zuwa sama, waɗanda raunin jinsu kaɗan ne ko matsakaici. Har ƙarfin ƙarar da take fitarwa an ƙayyade. To daga inda kike, ta yaya za ki san matakin da Baba yake? A ma'aunin da aka fi amfani da shi a Amurka, ana auna raunin ji da desibel, wato ma'aunin ƙarfin ƙara: rashin desibel 26 zuwa 40 shi ne kaɗan, 41 zuwa 55 matsakaici, abin da ya haura 70 kuwa ya yi tsanani. Mutumin da sai an zauna a gefensa ana maimaita masa magana, ina zargin ya wuce inda ta kanti za ta yi masa amfani. Kamar tabarau ne: na kasuwar Sabon Gari yana fitar da mai neman ƙarin girman rubutu, amma mai yanar ido ko ya saya goma ba zai gani ba.

Kuma ba kowane nauyin kunne ba ne ke buƙatar na'ura. Da yawa daga dattawanmu dauɗa ce ta cushe, saboda shekara da shekaru ana tura ta ciki da tsinken ashana ko gashin kaza. A wanke a asibiti, mutum ya fito yana cewa a rage rediyo. Wani kuma dodon kunnen ne ya fashe tun yana yaro, ko kunnen na zubar da ruwa. Idan akwai ruwa ko mugunya, ko ciwo, ko jiri, ko kunne ɗaya ya fi ɗaya mutuwa, ita kanta FDA cewa ta yi a ga likita tukuna. Idan kuwa jin ya ɗauke ne farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, wannan ba a kwana da shi, don maganinsa ya fi kamawa a kwanakin farko.

Saboda haka ki sa ƙaninki ya kai shi sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Idan aka tura su gaba, akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Za a leƙa kunnen, a sa masa abin saurare a ɗaki mai shiru, yana ɗaga hannu duk lokacin da ya ji ƙara. Takardar da za a ba su mai zane-zanen layi biyu, ja na kunnen dama, shuɗi na hagu, ita ce abin nema. Ya ɗauki hotonta ya turo miki.

Ga inda bambancin na'urorin yake. Kunnen tsufa ba ya mutuwa gaba ɗaya, siririyar ƙara yake fara rasawa. Shi ya sa Baba ke jin ladan sarai, yana jin babur ya tsaya a ƙofar gida, amma jikarsa ta yi magana ya ce ciki-ciki take yi. Haruffa irin su s da f da sh da ts ne ke zubewa, sai ya ji murya bai gane kalma ba. Na'urar asibiti ana saita ta da kwamfuta bisa waccan takarda, a ɗaga inda ya rasa, a bar inda yake ji, sannan a sake kiransa a gyara saitin bayan ya ɗan yi amfani da ita. Yawancin dubban dalolin da ake caja a Amurka na wannan hidimar ne. Idan kin saya a can kin aiko, kin biya hidimar da ba zai mora ba. Gara a tambayi masu gwajin a Kano wane kamfani suke iya saitawa da gyarawa, ko Phonak ne ko Oticon ko wani, a sayi wannan, ko a nan ko a can.

Ta kanti mai kyau da manhajar waya ake saita ta, mai ita ne ke gwada kansa. Wace waya ke hannun Baba? Idan ƙarama ce mai madanni, magana ta ƙare. Ko AirPods Pro 2, abin sauraren kunne na kamfanin Apple, da FDA ta amince a yi amfani da su a matsayin na'urar ji a Satumban 2024, sai da iPhone ko iPad ake saita su, kuma ban ga dattijon da zai shiga sahun gaba a masallaci da farin abin nan a kunne ba. Sannan ki lura da wa'adin mayarwa: kafin mai tahowa ya iso, ya huta, a je a karɓo, a gwada, kwanakin sun kusa cika. Waɗanda ake tallatawa da araha sosai kuma, galibi amsa-kuwwa ce kawai, tana ɗaga ƙarar janareta tare da ta mutane.

Maganar yayanki. Gaskiya ne NHS, wato hukumar kiwon lafiya ta gwamnatin Birtaniya, na ba da na'urar ji kyauta har da batir, amma aro ce ga mazaunin ƙasar, an saita ta da kunnensa shi. Idan kuma tunaninsa a kawo Baba da bizar ziyara a yi masa, baƙo biya yake yi a asibitin Ingila, kashi 150 cikin ɗari na farashin, kuma bashin NHS da ya kai fam 500 na iya hana shi biza nan gaba. Kada a ɓata wa tsoho fasfo a kan abin da za a iya yi a Kano.

Duk wadda aka saya, zaman Kano zai gwada ta. Zufar watan Afrilu da ƙurar hunturu su ne abokan gabarta, don haka ki haɗo da ɗan kwanon busarwa da matatun dauɗa masu yawa. Ni na fi son wadda ake maƙalawa a bayan kunne, ta fi juriya kuma hannun tsoho na iya kama ta. Mai caji tana da daɗi idan gidan akwai sola. In babu, a ɗauki mai batir, a kuma rubuta lambarsa: 312 mai ruwan ƙasa, 13 mai ruwan lemo, 675 mai shuɗi. Da zarar an ɓare takardar bayansa ya fara ci, ko an sa ko ba a sa ba. A nuna masa ya cire ta kafin alwala da wanka, a kuma ɓoye batiran daga jikoki, don haɗiye su haɗari ne babba.

Makonnin farko zai yi mita. Zai ce cokali na ƙara, muryarsa ta koma kamar a cikin rijiya, har ya cire ya jefa a aljihun babbar riga. A lallaɓa shi ya riƙa sawa 'yan awoyi a gida kullum kafin ya fita da ita kasuwa. Ki naɗa mutum ɗaya a gidan, ba kowa da kowa ba, wanda zai riƙa goge ta da daddare yana mayar da shi asibiti ranar da aka ba su. Idan takardar gwajin ta iso, ki nuna wa masanin ji a inda kike kafin ki biya ko sisi.