Tsakanin "borrow" da "lend", da kuma aro da rance

Wata malamar firamare ta aiko da tambaya. Ta ce ɗalibanta kullum "borrow me your biro" suke cewa, ta yi gyara har ta gaji. Mene ne bambancin "borrow" da "lend", kuma me ya sa yaranmu suke cakuɗa su?

Malama, sannu da ƙoƙari. Bature yana duba inda kaya ya fito da inda ya nufa. Wanda ya bayar shi ya yi "lend", wanda ya karɓa shi ya yi "borrow". Don haka yaron da ke neman biro sai ya ce "lend me your biro", ko "may I borrow your biro".

Tushen matsalar yana cikin Hausarmu. Muna cewa "Audu ya ara wa Bala keke", muna kuma cewa "Bala ya ari keke a wurin Audu". Saiwar kalmar ɗaya ce. Abin da ke raba su shi ne "wa" ko "mini" da ke biyo baya, da wasalin ƙarshe, da karin sauti wanda rubutunmu ba ya nunawa. Yaro ya ɗauki "ara mini" ya mayar da ita Turanci kai tsaye, shi ke nan.

Amma Bahaushe yana da nasa bambancin da waɗannan kalmomin Turanci biyu ba su da shi, kuma shi nake so a riƙa nuna wa yara. Aro shi ne abin da za ka mayar da shi kansa: tsani, turmi, babbar riga ta zuwa ɗaurin aure. Rance kuwa ana kashe shi ko a cinye, a biya da kwatankwacinsa: kuɗi, tiyar gero a lokacin damina. Shi ya sa ake cewa "ranta mini dubu biyar". Idan rancen ya zauna a wuyanka ya zama bashi, wanda aka ce hanji ne, yana cikin kowa. Karin maganar "kayan aro ba ya rufe katara" ma sai da aro take tsayawa, domin mai zane zai zo ya karɓi zanensa.

A aji, ki tsayar da yara biyu da biro ɗaya, kowa ya faɗi abin da ya yi da Hausa, sannan da Turanci, su musanya wuri su sake.