Amsa: NameError da IndentationError a cikin class na Python

Ɗan'uwa, ka ce ka rubuta class mai suna Dalibi, ka sa `kudi = 5000` a farkon jikinsa, amma da ka kira `kudi` cikin method (wato function da aka rubuta da `def` a cikin class) sai NameError ya fito, wani lokacin kuma IndentationError. Matsala biyu ce, kowace da maganinta.

Ta farko ita ta fi rikita sababbin shiga. Sunan da ka ajiye a jikin class, method ba ya ganinsa kai tsaye. In ka rubuta `kudi` tsurarsa, Python zai duba cikin method ɗin, sannan ya tsallake jikin class ɗin gaba ɗaya, ya nufi matakin fayil, daga nan sai sunayen da ya zo da su. Bai samu ba, shi ya sa ya yi ƙorafi. Rubuta `self.kudi` ko `Dalibi.kudi` (`self` shi ne object ɗin da aka kira method ɗin a kansa). Haka ma in method zai kira ɗan'uwansa: `self.lissafi()`. Kar kuma ka manta da sa `self` a farko cikin baka `()` na kowane method, kamar `def lissafi(self):`.

Ta biyun kuwa batun tazara ce. Kowane `def` ya shiga ciki da tazara 4 daga kalmar `class`, jikinsa kuma 8. Wanda ya fi ban haushi shi ne `def` da ya koma bakin layi: Python ba zai ce uffan ba, sai ka kira shi AttributeError ya bayyana, domin ya riga ya fita daga class ɗin.

Kada ka gauraya Tab da Space, Python 3 na jefo TabError a kan haka. A VS Code (manhajar rubuta code) kunna Render Whitespace, mai nuna Tab da Space a fili, za ka ga inda ya karkace da idonka.