Ga ɗan'uwan da ya sayi baburinsa na farko: kayan da za ka fara saya

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ina taya ka murna, Allah ya sanya alheri ya tsare hanya. Ka ce wannan ne baburinka na farko, kuɗin da ya rage a hannunka bayan sayensa ba yawa, kuma tafiyarka ba nisa, ba ta wuce daga gida zuwa wurin aiki ka dawo. Kana tambayar wane kaya ya kamata ka fara saya, ko hular kwano ta hannu za ta wadatar, da kuma yadda ake yi da waɗannan kaya lokacin zafi. Na daɗe ina hawa, cikin rana da cikin ruwa, don haka bari in faɗa maka abin da na sani.

Zan fara da maganar "ba nisa", domin ita ce ta fi damuna a cikin tambayarka. A 1981 aka fitar da wani babban bincike a Amurka ƙarƙashin jagorancin Harry Hurt, inda aka bi diddigin haɗurran babur 900 a yankin Los Angeles, ɗaya bayan ɗaya. Sun gano cewa yawancin haɗurran a gajeriyar tafiya suka auku, irin ta cefane ko aike ko ziyarar aboki, kuma ba a jima da barin gida ba. Matsakaicin gudun da ake yi lokacin karon bai fi kilomita 35 a awa ba. Binciken ya tsufa, amma abin da idona ke gani kullum bai saɓa masa ba. Mutum idan zai yi doguwar tafiya shiryawa yake yi, ya ɗaure komai, ya tattara hankalinsa. Tafiyar "yanzu zan dawo" ita ce ake fita da silifas, hula rataye a hannun babur. Saboda haka duk abin da za ka saya, ka auna shi da tambaya ɗaya: zan iya sa wannan kullum, har a tafiyar minti biyar? Kayan da ya yi maka nauyi ko zafi har ka riƙa barinsa a gida, kuɗinsa ya tafi a banza komai kyansa.

Hular kwano ce farko, wannan babu jayayya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sa hula yadda ya kamata yana rage haɗarin mutuwa fiye da ninki shida, yana kuma rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa da abin da ya kai kashi 74 cikin ɗari. Amma ya kamata ka fahimci yadda take aiki, domin daga nan amsar tambayarka ta biyu za ta fito. Mutane suna ƙwanƙwasa ɓawon waje su ji taurinsa su ce hula ta yi. Aikin ɓawon shi ne ya baza ƙarfin bugu ya kuma hana abu mai tsini shiga. Wanda ke ceton ƙwaƙwalwa shi ne wannan farin soso mai tauri da ke ƙarƙashin yadin ciki. Idan kai ya bugi ƙasa, soson ne ke lotsawa, ya sa kan ya tsaya a hankali maimakon farat ɗaya. Kuma idan ya lotsa ba ya dawowa. Sau ɗaya yake aiki.

To ka ga matsalar hula ta hannu. Tana iya yin ƙyalli a waje alhali an taɓa faɗuwa da ita, soson ya riga ya mutu a daidai wurin, kuma ba ka da hanyar gani. Masu ƙera huluna da yawa suna ba da shawarar a sauya bayan kamar shekara biyar ana amfani, domin gumi da rana da man gashi suna cinye kayan ciki. Ni dai jaket ta hannu zan saya, takalmi ma haka, amma hula sabuwa zan nema ko da mai sauƙin kuɗi ce, muddin ta gaske ce. Sai fa idan daga hannun wanda ka sani ne, ka san tarihinta tun ranar da aka ciro ta daga kwali.

Yadda ake gane ta gaske: ka duba igiyar haɓa. Hular da ta cika ƙa'idar ECE, wadda ƙasashe da dama suke bi, tana da ƙyalle ɗinke a jikin igiyar, da harafin E a cikin da'ira da wata lamba kusa da shi, sai doguwar lamba da ta fara da 05 ko 06. Ta 06 ita ce sabuwa, gwajinta ya fi tsanani, har da bugun da ke zuwa a karkace ya murɗa kai. Akwai kuma tambarin DOT na Amurka a ƙeyar hula, sai dai shi kamfanin ne da kansa ke shaida cewa hularsa ta cika ƙa'ida, kuma sitika ce da kowa zai iya bugawa ya manna. Shi ya sa nake ɗaga yadin ciki in taɓa soson da hannuna. Idan ka tarar da siririn soso mai laushi irin na kujera, ko hular ta yi sakayau a hannu, ajiye ta. Araha ba ta ado, balle a kan ƙoƙon kai.

Ina ba ka shawarar mai rufe fuska gaba ɗaya. Wani mai bincike a Jamus, Dietmar Otte, ya tattara bayanan inda bugu ke sauka a jikin huluna bayan haɗari, sai aka ga kusan kashi ɗaya cikin uku a ɓangaren haɓa ne. Mai buɗaɗɗiyar fuska ta fi shan iska, gaskiya ne, amma muƙamuƙi da haƙora a waje suke. Ban da haka ma, ranar da tsakuwa ta fallo daga tayar babbar mota ta daki gilashinka, ko babban ƙwaro ya fashe a kai kana cikin gudu, za ka gode wa Allah da ka rufe fuska.

Girma kuma shi ne inda aka fi yin kuskure. Ka auna kanka da tef ɗin tela, ɗan sama da gira, ka nemi lambar da ta yi daidai. Sabuwar hula ya kamata ta ɗan matse kumatu, domin da amfani za ta saki. Ka sa ta, ka ɗaure, ka kama ta da hannu biyu ka juya hagu da dama: fatar fuskarka ta bi hular, kada hular ta zame ita kaɗai. Sannan ka kama ƙeyarta ka yi ƙoƙarin tuɓe ta ta gaba. Idan ta fita, ba taka ba ce. Ka bar ta a kanka na ɗan lokaci kafin ka biya, domin wurin da zai danne maka goshi ba ya nuna kansa nan take. Igiyar haɓa kuwa, kada ta bar wurin da ya wuce yatsa biyu. Na sha ganin haɗarin da mutum yana kwance a nan, hularsa tana can tana gangarawa ita kaɗai lafiya lau, don kawai bai ɗaure ba. Wannan abin yana ƙona mini rai duk lokacin da na gani, domin ya saya, ya sa, saura daƙiƙa biyu na ɗaurewa.

Bayan hula, safar hannu. Mutane suna mamaki idan na sa ta gaban jaket, amma duk wanda zai faɗi, hannu yake fara miƙawa, ba ya ma sanin ya yi. Kwalta kuwa magagari ce, tafin hannu ba ya jure mata ko na taki ɗaya. Wata rana mota ta shigo mini a mararraba, na taka birki a kan yashi, babur ya kwanta. Ba gudu nake yi ba, amma fatar safar ta cinye har ta kusa hujewa, ni kuwa washegari na riƙe alƙalami na yi aikina. Ka nemi ta fata, ko mai fata a tafi, kuma lallai mai maɗauri a wuyan hannu, domin wadda ba ta da shi tana zarewa da zarar ta taɓa ƙasa. Mai yankakkun yatsu ba ta babur ba ce.

Sai takalmi. Ba dole sai na tsere ba, amma ya rufe idon sawu, ƙasansa ya yi tauri yadda ba za ka iya murɗa shi da hannu ba, kuma kada ya yi santsi idan ka sa ƙafa a wurin da mai ya zuba. Babur idan ya faɗi, a kan ƙafa yake faɗuwa, ga salansa da zafi. Idan mai igiya ne ka cusa igiyar ciki, don tana iya maƙalewa a abin sa giya, ka zo tsayawa ƙafa ta ƙi sauka. Haka duk wani abu mai reto, gyale ko doguwar riga ko igiyar jaka, a tattare shi kafin a tashi, naka da na wanda ka goya. Sarƙa da tayar baya ba sa sakin abin da suka kama.

Jaket da wando su ne za ka iya tara musu kuɗi a hankali. Abin dubawa shi ne matasan kariya, wato sosunan da ake sawa a cikinsu don shanye bugu, a kafaɗa, gwiwar hannu, gwiwa da baya. Na gaske suna ɗauke da lambar EN 1621, mataki na 1 ko na 2, na 2 ya fi shanye bugu. Jaket da yawa suna zuwa da soson banza a aljihun baya, sai ka sayi na gaske daban ka saka. Kuma ta kama jikinka, domin idan ta yi yalwa matashin zai kauce daga gwiwar hannu daidai lokacin da ake bukatarsa. Wandon jins na yau da kullum ya fi gajeren wando, amma yana yagewa nan da nan a kan kwalta.

Maganar zafi, gaskiya ce, ba zan ce maka babu shi ba. A cunkoso za ka yi gumi. Maganinsa jaket mai raga, mai launi mai haske, da hula mai ƙofofin iska da yadin ciki da ake cirewa a wanke. Da zarar babur ya motsa iska tana ratsa ragar. Abin da mutane ba su lura da shi ba shi ne, a rana mai tsanani fatar da ke buɗe ta fi wahala: rana tana dukanta, iska mai zafi tana ƙara wa jiki zafi tana kuma busar da gumi nan da nan, ruwan jikinka yana ƙarewa ba ka sani ba. Ka sha ruwa kafin ka ji ƙishi. Idan ka ji kanka ya fara nauyi ko hankalinka yana rarrabuwa, ka tsaya a inuwa. Ni nakan jiƙa rigar ciki idan zafi ya kai maƙura, tana riƙe sanyi na wani lokaci.

Ruwan sama kuma, rigar ruwa mai riga da wando ta fi mai faɗi da ke kaɗawa. Ka fi yin hattara da farkon saukarsa, musamman bayan an daɗe ba a yi ba, domin yana taso da man da ya kwanta a kan titi. Farin fentin hanya da murfin ƙarfe suna zama santsi sosai, kada ka taka birki ko ka karya kwana a kansu. Gilashin hula ka wanke shi da ruwa da tattausan ƙyalle kawai, kada fetur ya taɓa shi ko jikin hular. Baƙin gilashi na rana ne, da dare fari.

Akwai wani ɗan abu da ba ka tambaya ba amma ina so ka sani tun yanzu: ƙarar iska a cikin hula idan ana gudu tana cin ji a hankali, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. 'Yan toshe kunne na soso suna rage ta, kuma za ka ci gaba da jin hon da jiniya. Idan za ka hau babbar hanya, ka sa.

Kaya dai suna rage rauni ne, ba sa hana karo. A binciken nan na Hurt, kusan kashi uku cikin huɗu na haɗurran da wani abin hawa aka yi su, kuma a kashi biyu cikin uku na waɗannan, direban ne ya shiga hanyar mai babur, galibi don bai gan shi ba. Don haka ka bar fitilarka a kunne ko da rana, ka sa abu mai ɗaukar ido, kuma duk motar da ka gani tsaye a mararraba ka ɗauka za ta fito. Ni tayarta ta gaba nake kallo, ba fuskar direba ba, domin direba yana iya kallonka bai gan ka ba, amma taya idan ta motsa ta motsa. Kada ka daɗe a gefen babbar mota inda madubinta ba ya kama ka.

Ka kuma samu fili mara mutane ka koyi birki. Sababbin mahaya da yawa suna tsoron birkin gaba, alhali shi ke ɗauke da mafi yawan ƙarfin tsayawa, domin nauyi gaba yake komawa idan ana tsayawa. Matsa shi ake yi a hankali ana ƙarawa, ba fizga ba, tare da na baya. Ka maimaita har hannunka ya saba. Idan za ka kauce wa rami, kalli inda kake son bi, domin babur inda ido ya kafe yake zuwa. Iskar taya kuma ka auna ta da safe kafin ta yi zafi, ka bi adadin da kamfani ya rubuta a jikin babur ko a littafinsa.

Game da goyo, ka ɗan jinkirta har ka saba da baburin kai kaɗai, domin nauyin mutum biyu yana ƙara tsawon birki yana kuma sauya yadda babur ke shan kwana. Ranar da za ka fara, a samu hula ta biyu daidai kan wanda za ka ɗauka, kuma ka gaya masa kada ya sauke ƙafa ko ya sauka sai ka ce. Idan ka je sayen taka hular, turo mana hoton ƙyallen da ke jikin igiyar kafin ka biya, mu duba maka.