Jan dutse da jar ƙasa: a gwada kafin a biya

Tambaya: Ina da shago a Kantin Kwari. Wani abokina ya kawo mini duwatsu jajaye masu ruwan ƙasa a buhu, ya ce kuza ne, in zuba jari mu haƙa. In shiga?

Amsa: Alhaji, riƙe kuɗinka tukuna. Jan da ka gani a jikin dutse galibi tsatsar ƙarfe ce, kuma ƙasar Kano cike take da ita. Hau Dala ka duba marmarar da ke kanta. Tama, wato dutsen da ake narkarwa a sami ƙarfe, ita ce ta kawo maƙera Abagayawa daga Gaya zuwa gindin dutsen nan tun kafin a yi ganuwa. To amma abin da ya ishi maƙerin wancan zamani narkarwa bai isa a kafa kamfani a kansa yau ba.

Ga gwajin da za ka yi a shago. Samo fasasshen tayil, ka goga dutsen a bayansa, wajen da ba ƙyalli. In ya bar jan layi kamar busasshen jini, tama ce. In layin rawaya ne mai duhu, ita ce dai, wadda ta haɗu da ruwa. Kuza kuwa, ko da jikinsa baƙi ne ko ruwan ƙasa, layinsa fari-fari ne, kuma nauyinsa ya ninka na dutsen gini mai girmansa fiye da sau biyu. Hannunka ma zai gaya maka.

Akwai kuza a jihar nan, a Riruwai ta ƙaramar hukumar Doguwa, don haka ban ce abokinka ƙarya yake ba. Sai dai abin da ke cikin buhu zaɓaɓɓe ne. Ka je ramin da ƙafarka, ka ɗebo daga wurare daban-daban, a kai ɗakin gwajin Hukumar Binciken Ƙasa ta Najeriya da ke Kaduna. Sannan ya nuna maka lasisi. Dokar ma'adinai ta 2007 ta ce abin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin tarayya ne, yardar mai gona kaɗai ba ta isa ba. Ina jin ciwon ganin gumin shekaru ya tafi a rami saboda kunyar tambayar aboki takarda.

Tambaya: Zan yi ciko a ginina a Rijiyar Zaki. Direban tifa ya ce duk jar ƙasa ɗaya ce. Haka ne?

Amsa: A'a, Hajiya. Nemi burji, mai tsakuwa a ciki. Kafin a juye, sa magininki ya jiƙa kaɗan ya murza a tafi. In ta miƙe siririya kamar taliya ba ta katse ba, laka ta yi yawa: za ta riƙe ruwa da damina, ta tsattsage da rani. Mai baƙi-baƙi da leda a ciki ƙasar bola ce, a mayar. Kuma kada a zuba cikon gaba ɗaya. A shimfiɗa kaɗan, a yayyafa ruwa, a daddaɓe sosai, sannan a ƙara wani.