Allo ne ko ƙwaƙwalwa? Da batun Juma'ar da ake ganewa tun Laraba

Wani ɗalibi mai koyon haɗa kayan lantarki ya aiko da tambaya biyu. Ya ce Malam, wannan ɗan abin da ake kira Arduino, a ajinmu wasu "allo" suke ce masa wasu kuma "ƙwaƙwalwa", wanne ne daidai? Sannan ranar da 'yar fitilar jikinsa ta fara ƙyaftawa sai malaminsu ya ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, me ya haɗa su?

To ɗana, Allah ya yi maka albarka. Kowacce da gurbinta amma fa ba abu ɗaya suke nufi ba. Ɗauko Arduino Uno ɗinka ka duba, in irin wanda aka saba da shi ne za ka ga wata baƙar aba doguwa mai ƙafafu 28 an rubuta ATmega328P a bayanta, to ita ce ƙwaƙwalwar, ita ke riƙe umarnin da ka rubuta tana aiwatarwa. Shi kuwa faifan gaba ɗaya da ramukan soka waya da wurin jona USB, shi ne allo.

Ni wallahi "allo" ta kwanta min sosai, don ba siffa kaɗai ta kama ba har da aiki. A makarantar allo almajiri ya rubuta, ya haddace, ya wanke, a ɗora masa sabon karatu, to haka nan abin yake, duk sanda ka tura sabon shiri, wato jerin umarnin da ka rubuta, daga kwamfuta sai ya shafe na da ya zauna a wurinsa, ma'ajiyar ma 'yar ƙarama ce kilobait 32 kacal, kuma tana jure shafewa da sake rubutawa kusan sau 10,000. Shi ya sa na fi son a ce "na ɗora masa shiri". Abin da ba na so shi ne yadda nake jin yara suna cewa "na ƙona masa", domin a wannan sana'ar ƙonewa ta gaske tana nan, allon da bolt 5 yake aiki, ka jona 'yar fitila kai tsaye ba ka sa mata rezisto, ɗan abin da ke rage yawan wutar da ke shiga ta, kamar mai om 220 ba tana iya mutuwa ko ta lalata maka ƙafar da ka jona ta. In ka ce wa sabon shiga ka ƙona, wanne zai ɗauka?

Sunan kuma ba Turanci ba ne. A garin Ivrea na Italiya Massimo Banzi da abokan aikinsa suka fara shi a 2005, suka ara daga sunan wata mashaya da suke haɗuwa, ita ma sunan Arduin ta ci, wanda ya zama sarkin Italiya a 1002. Uno kuwa ɗaya kenan da Italiyanci.

Karin maganar ma'anarta abin da zai yi kyau tun farkonsa ake ganin alama, kuma malaminku ya sa ta a muhallinta. Ka saka manhajar Arduino IDE, wadda da ita ake rubuta shiri a tura wa allon, ka jona waya, ka zaɓi irin allonka da tashar da kwamfuta ta gan shi, ka ɗora ɗan shirin nan Blink, in fitilar da ke haɗe da ƙafa ta 13 ta kama na daƙiƙa ɗaya ta mutu na daƙiƙa ɗaya, to waya lafiya, manhaja lafiya, ƙwaƙwalwa na jin magana. Larabar kenan.

Sai dai ka kula, da yawa daga cikin allunan nan da Blink ɗin a ciki suke zuwa, kana ba su wuta za su fara ƙyaftawa ko ba ka ɗora komai ba. Ka mayar da 1000 ɗin da ke cikin shirin, wanda shi ne daƙiƙa ɗayan, zuwa 200 ka sake ɗorawa, in ƙyaftawar ta ƙara sauri to aikinka ne ya shiga. In kuma kwamfutar ta ƙi ganin allon sam, duba kusa da wurin USB, masu arha da yawa wani ɗan guntu mai suna CH340 ne a jikinsu yake haɗa su da kwamfuta, sai ka sauke direbansa, wato 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane shi, tukuna.