Ku Tambayi Mama: "A leda nake ɓoye Littafina, ko musun Ubangiji nake yi?"

TAMBAYA: Mama, ina gaisuwa da fatan alheri. Ni tela ce, 'yar ƙasar Zuru, shekara 6 ke nan da aure ya kawo ni Sakkwato. Muna haya a Mabera, gida mai ɗaki 7, mu kaɗai ne Kirista a ciki. Kwanan baya wani baƙon mai wa'azi ya ce duk wanda maƙwabtansa ba su ji bishara daga bakinsa ba, za a nemi jininsu a hannunsa. Tun ranar barci ya ƙaurace mini. Ban taɓa yi wa kowa wa'azi a gidan ba, kuma tun kisan da aka yi wa wata ɗaliba Kirista a garin nan a 2022 a leda nake ƙunshe Littafi Mai Tsarki in za ni majami'a. Ga shi ina cin naman layyarsu, wata 'yar Zumuntar Mata ta majami'a ta ce bai dace ba. Mama, musun Ubangiji nake yi? Daga wata 'yarki a Mabera.

AMSA: 'Yata, sannu da ɗawainiya. Bari in fara sauke miki rabin kayan. Babu ko mutum ɗaya a gidan nan da bai san ke Kirista ba ce. Sun ga ba kya alwala, sun ga kwalliyarki ta safiyar Lahadi, sun ji sunayen yaranki. Ledar nan ke kaɗai take ruɗa. Shaida kam kina ba da ita kullum, kin so ko kin ƙi, sai dai mu duba wace iri ce.

Ayar da baƙonku ya jingina da ita tana cikin Ezekiyel sura 33, maganar mai tsaron gari. Ban raina wa'azinsa ba, amma shi ya hau mota ranar Litinin ya koma garinsu, ke kuwa da Hajiyar ɗakin kusa za ki ci gaba da shanya a igiya ɗaya. Tsoronki ma ba na wauta ba ne. Duk muna garin nan ranar 12 ga Mayu, 2022, da aka kashe ɗalibar nan, Deborah Samuel, bisa zargin ɓatanci ga Annabi, muka kwana cikin dokar hana fita bayan haka. Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya yi Allah wadai da kisan, Bishop Matthew Hassan Kukah ma haka, amma tabon bai bar zukata ba. Saboda haka ki riƙe wannan da hannu biyu: kada bakinki ya taɓa addininsu, ko Annabinsu, ko littafinsu, a wasa ko a faɗa, a tsakar gida ko a WhatsApp. Baki shi ke yanka wuya. Ba ma don tsoro kaɗai ba, zagin abin da mutum yake girmamawa bai taɓa jawo kowa wurin Almasihu ba.

Ni ma na yi nawa shirmen. Lokacin ina amarya, muna haya a Runjin Sambo, da zafin kai na ƙuruciya, sai na ɗauki al'adar ƙure kaset ɗin waƙoƙin sujada daidai lokacin da aka kira sallar magariba. A ganina shela nake yi. Wata rana tsohuwar gidan ta leƙo, ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "Ɗiyata, mi munka yi miki?" Kunya ta rufe ni, na rasa ta cewa. Bayan wata biyu ƙyanda ta kama ɗana, maigida ya yi tafiya, tsohuwar nan ce ta tashe jikanta da tsakar dare ya kai mu asibiti a babur, ta kuma kwana a kan tabarma kusa da ni. A ranar na gane ita ta riga ni aikata labarin Basamariyen nan mai kirki da nake koya wa yara ranar Lahadi.

To ke da kike tela, ai aikin ma ya same ki har gida. Kin san sunan da teloli suka yi a garin nan in Sallah ta ƙarato: a karɓi ɗinkin mutum ashirin alhali na goma za a iya, a kashe waya ranar jajiberi, yarinya ta kwana tana kuka. Ki karɓi iya wanda za ki gama. In kin ce Laraba, ta zama Laraba. In yadi biyar aka kawo, huɗu suka isa, ki ninke ragowar ki mayar, har ƙyallen da kike ganin bai kai komai ba. In zare ya ƙare kin saya, ki faɗi ainihin kuɗinsa. Matan unguwa ba sa manta irin wannan, a gidan biki za ki ji ana cewa a kai wa Kiristar nan, ba ta cin amana. Abin da Matiyu 5:16 ke nufi ke nan da haskenku ya haskaka a gaban mutane. Sai dai ki juya shafi zuwa sura ta 6, inda aka hana yin alheri don a gani. Kada alherinki ya zama ƙugiya mai tsutsa a baki. Mutanen Sakkwato suna da saurin ganewa, kuma ranar da suka ga kunun da kike aikawa lokacin buɗa-baki tarko ne, shi ke nan an rufe ƙofa.

Ko tarihinmu haka ya nuna. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903 sun yi alkawarin ba za su taɓa addinin jama'a ba, suka daɗe suna hana 'yan mishan shiga ƙasashen sarakuna. Da ƙofa ta buɗe, ta hanyar jinyar kutare ta buɗe, irin aikin da ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission) ta yi a Amanawa. Wankin miki ne ya riga wa'azi isowa.

Batun nama kuwa, ki gaishe mini da 'yar zumuntar, ki ce ta karanta 1 Korintiyawa 10:27, inda Bulus ya ce in wanda ba mai bi ba ya gayyace ku, ku ci abin da aka sa a gabanku. Ni ina ci, har in soya in ajiye. In lamirinta bai ba ta ba, ta bari, amma kada ta ɗaura miki. Ke ma in Kirsimeti ta zo, ki sa maigida ya kira maƙwabci Musulmi ya yanka akuyar, don kowa ya ci hankali kwance. Ki je barka, ki je suna, ki zauna zaman makoki ko da ba za ki shafa fatiha ba. A watan Afrilu, in zafi ya haura digiri 40, famfo ya ƙafe, 'yan ga-ruwa sun tsawwala kuɗi, jarka ɗaya da za ki miƙa wa mai jego ta fi doguwar magana.

Kada ki ce na ce ki kulle baki har abada. Rana za ta zo, wataƙila kina auna mata riga, wata ta tambaye ki me ya sa ba ki rama ba da aka zage ki, ko me kuke yi a majami'a tun safe har azahar. A nan 1 Bitrus 3:15 ta shigo: ki kasance a shirye ki ba da amsa game da begen da kike da shi, cikin tawali'u da ladabi. Ki faɗi naki a taƙaice, ki tsaya inda tambayarta ta tsaya. In kuma 'ya'yan mutane ne, ban yarda ki koya musu komai a bayan idon iyayensu ba, ke ma ba za ki so a yi wa naki ba.

Ledar kuma, in don ƙurar hunturu ce, babu laifi. Amma ke da keken ɗinki a ɗaki, ki samu atamfa mai kyau ki ɗinka wa Littafin jaka mai hannu, ki rataya ki fita kina gaida mutane yadda kika saba. Ki rubuto mini bayan Sallah in ji ɗinki nawa kika karɓa, nawa kika cika.